Kyamara ko majigi, wanne za a fara saya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kyamara ko majigi matasan cocinku za su fara saya. Ni dai a ganina, ku fara gyara sauti. A cocinmu nan Katsina mun taɓa watsa sujada kai tsaye a Facebook, hoto tangaran, amma muryar Fasto kamar daga cikin rijiya, ƙarar fanka da janareto kawai ake ji. Ku jona wayar hannu da na'urar sautin cocin, ta wadatar.

In kun zo kan majigi, ku tabbata rubutun na fitar da ƙ, ɗ da ɓ, kada baitin waƙa ya cika da 'yan akwatuna. Kuma kafin ku watsa sujada a intanet, ku nemi izinin dattawa tukuna. Iyayenmu na Zumuntar Mata ba duka ke son fuskarsu a intanet ba.