Sababbin masu bi suna zuwa, sai mu neme su mu rasa

Tambaya: Ni dattijo ne a ikilisiyarmu. Kusan kowane wata muna samun waɗanda suka ba da ransu ga Kristi, ko baƙin da suka ce za su zauna tare da mu. Muna yi musu waƙar maraba, muna rubuta sunayensu, amma bayan 'yan makonni sai mu neme su mu rasa. Me ya rage mana?

Amsa: Ɗan'uwa, waƙar maraba da littafin sunaye ba su da laifi. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya tak da za a ɗora wa nauyin wannan baƙo. Aikin da aka bar wa kowa da kowa, ba mai yin sa. Ka duba Ayyukan Manzanni 9:26-27: da Shawulu ya iso Urushalima, almajirai tsoronsa suke ji, sai da Barnaba ya ɗauke shi ya kai shi gaban manzanni.

Saboda haka tun ranar farko, kafin ya bar majami'a, ku haɗa shi da mai bi wanda ya daɗe, mai riƙe sirri. Namiji da namiji, mace da mace (Titus 2:3-5 ta ba manyan mata aikin koyar da ƙanana). Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da biyu ko uku, in ba haka ba, abin zai koma gaisuwa kawai ta waya. Mai riƙon ya nemi baƙon cikin kwana biyu ko uku, kada a jira wata Lahadi. Amma a fara tambayarsa ko yana son a zo gidansa. Akwai wanda iyalinsa ba su san ya tuba ba, ziyarar ba-zata ko kiran sunansa a gaban taro na iya jefa shi cikin wahala.

A sujada kuwa, wannan mai riƙon ya zauna kusa da shi. Mu da muka saba mun manta yadda abin yake ga baƙo: ana cewa a buɗe Habakuk, shi yana ta juya shafuka yana jin kunya; kowa ya miƙe, shi yana zaune; an kawo Jibin Ubangiji, bai san ko ya karɓa ko ya bari ba. Raɗa biyu a kunne ta isa ta cire masa wannan nauyi. A gaya masa kuma baiko, wato kyautar da ake bayarwa a sujada, ba kuɗin shiga ba ne.

Sai koyarwa. Su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kamar awa guda, har wata uku zuwa huɗu. Bisharar Markus ta dace da farawa: sura 16 ce, sura ɗaya kowane mako. Su karanta tare, baƙon ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, ya yi tambayoyinsa, sannan su yi addu'a, shi ma ya buɗe baki ko da jimla biyu ce. In bai iya karatu ba, a karanta masa ko ya saurara ta waya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mai koyarwa ya mai da zaman wa'azi, ya cinye lokacin shi kaɗai. Na biyu shi ne fara da jerin hani: bar wannan, daina wancan. Bulus ya ce wa Korintiyawa madara ya fara ba su, don ba su kai ga abinci mai tauri ba (1 Korintiyawa 3:2).

Batun baftisma, ku bi tsarin ɗarikarku. Filibus ya yi wa mutumin Habasha baftisma nan take a bakin hanya, amma a ƙarni na 3 akwai ikilisiyoyin da suke koyar da masu neman baftisma har shekara uku. Ko wanne kuka bi, kada koyarwa ta tsaya ranar da ya fito daga ruwa, domin a Matiyu 28:19-20 umarnin koyarwa ya zo ne bayan na baftisma.

Ku yi hattara da gaggawar ɗaga sabon tuba, musamman mai kuɗi ko mai suna. 1 Timoti 3:6 ta hana ba shi shugabanci, don kada girman kai ya kā da shi. Ƙaramin aiki dai ku ba shi, kamar jera kujeru ko shiga ƙungiyar waƙa, domin a nan zai yi abokai. In yana da bukata ku taimaka, sai dai kada taimakon ya ratayu a kan halartar aji, kuma ya bi ta hannun dattawa, ba daga aljihun mai riƙonsa ba.

In ya yi Lahadi biyu a jere ba a gan shi ba, mai riƙonsa ya kira shi a makon, ya tambayi lafiyarsa da ta gida kafin ya ta da zancen sujada. Ku dattawa kuma ku riƙa zama da masu riƙon sau ɗaya a wata, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku ji inda kowa ya kwana.