Yaro mai PKU zai iya karatu kamar sauran yara?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ciwon PKU zai taɓa ƙwaƙwalwar ɗanki idan ya girma. Ki kwantar da hankalinki. PKU na nufin jikinsa ba ya iya sarrafa fenilalanin, wani sinadari na furotin da ke cikin nama, ƙwai da madara, sai ya taru a jini ya cutar da ƙwaƙwalwa. Yaran da aka fara wa abinci na musamman tun makonnin farko na haihuwa, yawancinsu suna karatu lafiya lau, sai dai wasu kan sha wahalar tattara hankali idan sinadarin ya hau.

Babban kuskure shi ne sassautawa da zarar yaro ya tasa, alhali wannan abinci na tsawon rayuwa ne. Ki riƙa karanta jikin kwalbar abin sha, domin aspartam, abin zaƙi da ake sakawa a madadin sukari, yana ɗauke da fenilalanin. Gwajin jini da awon furotin kuwa, likitansa da masanin abinci ne za su tsara miki.