Suna zuba rubutu a Facebook, amma jingar shafi biyu ta gagare su

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya, ya iyali ya ɗawainiya da mu. Ni ƙaramin lakcara ne a wata jami'a, shekarata uku da kama aiki, ina ɗaukar 'yan aji biyu wani kwas da dole sai an yi rubutu a cikinsa, su 140 ne. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne in na ba da jinga ta shafi biyu kacal sai a kawo min abu ɗaya sak, bango da lambar rajista kawai aka canja, wani ma ko sunan mai ita na farko bai goge ba. Amma wallahi yaran nan ina ganin su a Facebook, mutum ɗaya zai zauna ya yi sakin layi goma kan siyasar jiharsu ko kan ƙwallo, da hujja da komai. Shi ne nake tunanin ko in kai musu jingar can inda suke, in buɗe bulog, wato shafin rubuce-rubuce a intanet, ko guruf, sai wani babba a sashenmu ya ce min wannan zubar da girma ne da wasa da karatu. Don Allah mece ce shawararki?

Wani malami, daga arewa maso yamma

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka jagora. Ka buɗe. Kada ka ji ko ɗar.

Tulin jingar nan da kake faɗa na san shi sarai, na sha karɓar sa daga hannun shugaban aji a cikin jakar bakko, kowace an ɗaure ta da roba mai murɗi an sa mata bango shuɗi, ka buɗe ta farko ka buɗe ta goma sha biyar ka tarar da kuskuren rubutu ɗaya a layi ɗaya, don duk daga kwamfutar kafe guda suka fito. Na daɗe ina ɗauka lalaci ne kawai. Daga baya na gane yaran sun san abin da mu ba ma son faɗa, wato takardar nan ba mai karanta ta, malami ɗaya da ɗalibai sama da ɗari iyakaci ya duba bango ya ɗora maki, ƙarshen zango a tara su a lungun ofis ƙura ta rufe, wasu ma su ƙare wajen mai ƙosai. To wa zai ɓata dare kan abin da ya san ba idon da zai sauka a kai? A Facebook kuwa yana sakin magana kafin ya ajiye waya wani ya ce masa ƙarya kake, kawo hujja. Shi ya sa ka ga yana kawo hujjar.

Kuma ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A jami'ar Stanford ta Amurka wata farfesa Andrea Lunsford ta bi ɗalibai 189 tun daga 2001 har tsawon shekara biyar tana tattara duk abin da suka rubuta, na aji da na wajen aji, har ya kai guda dubu goma sha huɗu da ɗoriya, abin da ta tarar shi ne wani kaso mai yawa na rubutun nasu ba malami ne ya sa su ba, kuma sun ƙware wajen gane wa suke wa magana su daidaita harshe da shi. Akwai kuma jami'ar Mary Washington a jihar Bajiniya da ta kai ga ba kowane ɗalibi shafinsa na kansa a intanet yana ajiye ayyukansa. Mu nan ma ai ba baƙon abu ba ne, tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 masu karatu ke aika wasiƙu ana bugawa, mutum ya ga sunansa da na garinsu a jarida ya san jama'a za su gani, sai ka ga ya tsaya ya tsara magana. Yanzu dubi 'yan matan da ke sakin labari babi-babi a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad, wata a waya mai fasasshen gilashi za ta buga shafi ashirin a dare ɗaya don masu karatu na jiran ta. Ba wanda ya yi mata alkawarin maki.

Amma fa a tsara, don in ka buɗe guruf kawai ka ce kowa ya rubuta to sati biyu ya ishe shi ya koma wajen barka da Juma'a da cigiyar handawut.

Kada ka sa WhatsApp ya zama ma'ajiyar rubutun. Ya yi kyau wajen sanarwa da tunatarwa, sai dai saƙo yana nitsewa ƙarƙashin ɗari biyu kafin la'asar, kuma bayan minti 15 ba a iya gyara abin da aka tura, alhali gyaran shi ne gaba ɗaya abin da kake son koya musu. Ni na fi son bulog. Blogger na Google kyauta ne, WordPress ma yana da na kyauta, duk biyun suna buɗewa a waya. Ka lura dai Blogger marubuta 100 yake ɗauka a shafi guda, ku kuma kun kai 140, wannan ma alheri ne a wajenka don dama ba na so ka zuba su wuri ɗaya. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum goma, kowane rukuni da shafinsa da mai kula da shi a cikinsu. In bulog ya yi maka nauyi a farko to rufaffen guruf na Facebook zai yi, yana da wata fa'ida ma, duk wanda ya gyara rubutunsa ana iya ganin tarihin gyaran.

Sai abin da za su rubuta. Nan ne malamai da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, su ɗauko tambayar nan ta kullum, kawo ma'anar kaza da ire-irensa da muhimmancinsa, su liƙa a intanet su ce sun zamanantar da koyarwa. Wannan ai kwafo ta za a yi kamar jiya. Ka ba su abin da sai an taka ƙafa. Je ka kasuwar unguwarku ka yi hira da mai awo kan yadda farashin masara ya motsa daga kaka zuwa yanzu, ka haɗa da abin da muka karanta a sati na uku. Tambayi kakarka yadda ake biki a zamaninsu, ka kwatanta da bikin da ka je bana. Kalma ɗari uku ta isa, duk sati biyu. Sannan kowa dole ya karanta na mutum biyu a rukuninsa ya yi musu sharhi na gaske, ka hana "masha Allah" da "ya yi kyau" su kaɗai, ka ce sharhi sai ya nuna jimla ɗaya da ta zauna daram da wuri ɗaya da mai karatu ya ɓace. Bayan sharhin marubuci ya koma ya gyara. Wannan na biyun shi za ka ba maki.

Wata ɗaliba da na taɓa koyarwa ta rubuta kan masu ga-ruwa a layinsu, zubin farko duk "kamar yadda masana suka bayyana" ne ba masanin ko ɗaya, sai wani ɗan ajinsu ya rubuta mata a ƙasa, jarka nawa kura take ɗauka, kuma nawa yake saye a bohol nawa yake sayarwa? Ta koma ta tambaya. Zubi na biyu ta zo da lissafin ribar mutumin a yini da sunan garin da ya baro da yadda kafaɗarsa ta yi kanta. Ni da jan birona da wuya in kawo wannan tambayar, don ina gaggawar sauran takardu ɗari ne.

Kada ka ba da maki don yawan laik, mai farin jini zai kwashe ya bar mai ƙoƙari. Kada kuma ka ce kai za ka karanta duka 140 kowane zagaye, za ka gaji ka watsar a sati na huɗu. Ka zaɓi rukuni uku ko huɗu kowane karo kana juyawa, ka ɗauko rubutu biyu masu kyau ka karanta a aji da izinin masu shi, ƙarshen zango kowa ya zaɓi guda uku da ya fi so ya miƙa maka. Ka kuma ce kowa ya ajiye kwafi a wayarsa ko imel, ka tuna an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 har Janairun 2022, dandalin wani ba rumbunka ba ne.

Shi kuma babban naku kada ka yi musu da shi. Ka gwada zango ɗaya da wani ɓangare na makin si-e, wato makin ayyukan cikin zango, ka sanar da shugaban sashe a rubuce tun farko, in an gama ka buga zubin farko da na ƙarshe na yara biyar ka kai masa ofis da ladabi ka ce Allah gafarta Malam a duba mana. Ya yi shekaru yana karanta kwafe, zai gane bambanci.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni ɗaliba ce aji uku, malaminmu ya ce kowa sai ya riƙa sa rubutu a Facebook da sunansa na gaskiya kuma akwai maki goma a kai. Ni kuma a gida Abbanmu bai yarda mu yi Facebook ba, sannan gaskiya ina jin kunya Turancina ba shi da ƙarfi kada a yi min dariya, ga data ma wani satin ba na samu. Ya zan yi?

Wata ɗaliba, Kano

AMSA

'Yata ki kwantar da hankalinki, uzurinki uku ne kuma duka karɓaɓɓu ne. Malamin naku niyyarsa mai kyau ce amma ya yi kuskure da ya wajabta suna na gaskiya a fili, bai kamata maki ya rataya kan abin da zai haɗa yarinya da mahaifinta ba, kuma duk mun san abin da ke biyo bayan mace in sunanta da hotonta suka fita, saƙonnin banza a inbos da masu ɗaukar hoton magana su yaɗa. Ki same shi a ofis ke da wata ƙawarki, ko ki bi ta hannun shugabar mata ta ajinku, ki gaya masa yadda kika gaya min. Ki roƙi ɗaya cikin biyu, ko a yarda ki yi amfani da laƙabi wanda shi kaɗai ya san ke ce, ko ki riƙa tura naki ta Google Docs ga shi da mutum biyu da za su yi miki sharhi. Na tabbata ba ke kaɗai ba ce a ajin, kina buɗe baki za ki ga wasu sun biyo ki. Shi ma Abba kada ki ɓoye masa, ki nuna masa aikin makaranta ne ki nuna masa abin da kika rubuta.

Maganar data, ki riƙa yin rubutun a manhajar ajiye rubutu ta wayarki ba tare da kin kunna komai ba, ki karanta shi da ƙarfi ki gyara, sai kin gama ki kunna ki tura ki kashe. Rubutu zalla ba ya cin data, bidiyo ne ke cinye ta.

Kunyar Turanci kuwa ita ta fi taɓa min zuciya, don na ga yara masu kaifin basira sun yi shiru shekara huɗu saboda ita. Ki fara tsara tunanin da Hausa, ki rubuta abin da kike son faɗa tsaf, sannan ki juya shi. Mafi yawan abin da ake kira raunin Turanci rashin sanin me za a ce ne. Kuma ki riƙe Hausar da kyau ita ma, ki sa allon rubutun Hausa na Gboard, manhajar buga rubutu ta Google, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ. In kina son wurin gwaji da ba wanda ya san ki, Wikipedia ta Hausa tana karɓar laƙabi, ki rubuta sakin layi uku kan garinku ko wata sana'a ta mata tare da madogara, wasu za su zo su gyara ki ga abin da suka canja. A Amurka da Kanada akwai malaman jami'a da ke ba da irin wannan a matsayin jinga. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, ke da duk 'yan ajin, kada a kama sunan wani a zarge shi da abin da ba a da hujja, dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan kuma an sha kama mutane kan abin da suka wallafa.

TAMBAYA

Malama to ai yanzu ChatGPT ne ke musu rubutun, ko a takarda ko a bulog. Meye amfanin wahalar?

Wani mai karatu, Jos

AMSA

Gaskiya ne tun da na'urar nan ta ChatGPT mai haɗa wa mutum rubutu ta fito a ƙarshen 2022 aikin mai kafe ya ragu, yaro a kan gadonsa zai haɗa shafi biyar. Amma jingar takarda da ake miƙawa sau ɗaya ita ta fi sauƙin ha'inci, don abin da aka gama kawai kake gani. A bulog, in ba a goge shi ba, kana ganin zubin farko da ranar da aka sa shi, da tambayar da abokinsa ya yi masa, da yadda ya amsa, kuma in ka bi yaro sati shida ka san muryarsa, ranar da ya zo da Turanci mai santsi wanda ba sunan unguwa ba sunan mutum a ciki za ka ji a jikinka. Na'urar ba ta je kasuwar Terminus ta Jos ta tambayi mai tumatir ba. Ni abin da nake yi, kowane sati ina kiran mutum biyar ba tare da sanarwa ba, kowa ya tsaya minti biyu ya faɗa wa aji abin da ya rubuta da wanda ya yi hira da shi, 'yan aji su yi masa tambaya ɗaya. Wanda ya yi amfani da na'urar wajen gyaran nahawu kuma ina ce masa ya rubuta hakan a ƙasan aikin, ya ajiye zubinsa na asali in na nema ya nuna min.