Ƙanena ya ce Blackie ya nuna masa caca ilimi ce

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ƙanena ɗan shekara 22 ya tsinci wani tsohon fim ɗin Amurka baƙi da fari, Manhattan Melodrama, ya kalla ya kai sau huɗu. Tun daga nan ba shi da zance sai na Blackie, jarumin fim ɗin, wai shi ya nuna masa caca ilimi ce, ba sa'a ba. Da ma yana ɗan leƙa shagon bet, yanzu kuɗin makarantar da nake tura masa ba ya kaiwa mako biyu. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Da gaske abin da fim ɗin ke koyarwa ke nan? (Wata mai karatu daga Zariya)

AMSA: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Damuwarki tana kan hanya, amma ƙanen naki bai kalli fim ɗin da kyau ba, ko sau goma ya maimaita.

Tunda kin san labarin sama-sama, ba sai na warware shi duka ba. Kamfanin MGM ya fitar da shi a 1934, W. S. Van Dyke ya ba da umarni. Clark Gable ne Blackie, William Powell ne Jim, abokinsa tun suna marayu bayan gobarar jirgin ruwan General Slocum ta 1904 a New York, Myrna Loy kuma ita ce Eleanor da ke tsakaninsu. Shi ne fim ɗin da ɗan fashin nan John Dillinger ya fito daga kallo a silimar Biograph ta Chicago ranar 22 ga Yulin 1934, jami'an tsaro suka harbe shi a bakin titi.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya. Kusan duk saurayin da ya kawo mini zancen irin waɗannan finafinan, kuskure ɗaya yake yi, har na gaji da gyara shi. Suna ganin kwat ɗin Gable da murmushinsa da damin kuɗi a hannunsa, sai su ce ai ga wanda ya iya caca. Su manta da abu mafi girma a labarin: Blackie gidan caca gare shi. Shi ke da teburin, shi ke da ma'aikatan, shi ke sallamar 'yan sanda don su kau da kai. Arzikinsa daga aljihun masu shigowa yake fitowa. In ƙanenki na neman kansa a cikin fim ɗin, to ya bar kallon Gable, ya dubi mutanen nan marasa suna da ke zagaye da tebur, waɗanda kyamara ke wucewa ta kansu cikin daƙiƙa biyu. Nan ne wurinsa.

Kuma wannan ba zancen ra'ayi ba ne, lissafi ne. Faifan cacar nan mai juyawa irin na Amurka gurbi 38 gare shi: 1 zuwa 36, da sifili, da sifili biyu. Wanda ya dace da lambarsa ninki 35 ake biyansa, ba 37 da ya kamata a biya shi in babu ribar gida ba. Wannan ɗan giɓin shi ne naira 5 da 'yan kwabbai a kowace ɗari, kuma yana nan ko gwani ne ya zauna ko sabon shiga. Shagon da ƙanenki ke zuwa ma haka yake. A ce wasa mai fuska biyu ne, kowace an sa mata 1.90, wato wanda ya ci ana ba shi naira 1.90 a kan kowace naira ɗaya da ya zuba. Mutum biyu kowa ya zuba naira 1,000, ɗaya nan ɗaya can. Shago ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya soke 100 a aljihu tun kafin a busa usur. In kuwa yaro ya jera wasa goma a takarda ɗaya, kamar yadda suke yi, wannan giɓin yana ninkuwa har ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Wane ilimi ne zai cike wannan rami?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cin abinci da wannan ruɗin. Ga masu buɗe zaure a Telegram da WhatsApp suna sayar da "tabbataccen wasa", ga masu layar sa'a da turaren buɗi. Wanda ya san sakamakon gobe da gaske, me zai kai shi roƙon dubu biyun ɗalibi? Na taɓa zama da wani ɗalibi bayan darasi, ya ciro takardun bet daga jakarsa, an ɗaure da roba, sun kai kaurin littafi. Guda uku da ya ci ya ware su daban, ya linke su a tsanake cikin walat. Su kaɗai yake tunawa. Da na ce mu tara sauran, sai hannunsa ya hau rawa.

Shi kansa fim ɗin bai ɓoye inda hanyar ke ɓullewa ba. Eleanor ta roƙi Blackie ya bar harkar su yi aure, ya ƙi, ta bar shi ta auri Jim. Blackie ya kashe wani ɗan caca, Manny Arnold, a kan bashin caca, abin da masu kallo na wancan zamani suka gane da wuri, domin a Nuwamban 1928 aka harbe Arnold Rothstein, shahararren ɗan cacar New York, a wani otal, ana kuma danganta kisan da bashin karta da ya ƙi biya. Daga baya Blackie ya sake kisa, Jim da kansa, wanda a lokacin lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara, ya gurfanar da shi, ya ƙare a kujerar lantarki.

Sai dai ba zan wanke fim ɗin tas ba. Ya fito a watan Mayu, gab da a tsaurara dokar tace finafinai ta Hollywood a Yulin shekarar, kuma ya bar Blackie ya tafi ga mutuwa da fara'a da ƙwarjini, har ya ƙi sassaucin da Jim, wanda ya zama gwamna, ya zo masa da shi. Yaro mai jini a jika wannan jarumtar zai riƙe, ya manta gawa biyu da ke bayanta.

Kada ki hana shi kallo, hani ƙara masa kwaɗayi zai yi. Ki zauna ku kalla tare, duk inda kuɗi ya sauya hannu ki tsayar ki tambaye shi: wa ya biya, wa ya karɓa? Kuɗin makaranta kuma daga yau ki riƙa biya kai tsaye, na abinci ki raba shi mako-mako. Ki tambaye shi cikin lumana ko akwai bashi a kansa, da na mutane da na manhajojin rance, domin shi suka fi ɓoyewa. In kika ga ya fara ƙarya ko sayar da kayansa, ki sanar da babba a gida, ku kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti, likitoci sun san wannan ciwo kuma suna duba shi.