Wane Injin Aski Ya Dace da Fuska da Kai ga Mai Fama da Ƙuraje?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 36, sanƙo ya fara cin tsakiyar kaina, shi ya sa nake aske kan ƙwal tare da gemu sau biyu a mako. Damuwata ita ce ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka cika mini wuya da ƙeya, har wasu a ƙeyar sun fara tauri. Ina so in sayi injin aski nawa na kaina, amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin mai raga da mai kawuna masu juyawa. Wani mai sayar da su ya ce mini ƙurajen suna fitowa ne saboda injin da ake yi mini aski da shi ba ya cin gashi har tushe, ya kuma haɗa ni da wani man shafawa marar suna. Ina tsoron kada ƙeyata ta lalace gaba ɗaya.

Amsa: Malam, tsoron da kake ji yana kan hanya, kuma gara da ka yi tambaya kafin ka saya, domin a halin da fatarka take ciki, injin da yake cin gashi har tushe, irin wanda mai sayarwar yake nufi, shi ne wanda ya fi dacewa ka guje wa.

Bambancin injinan biyu ba shi da wuyar ganewa. Mai raga, irin wanda kamfanin Braun ya shahara da shi tun 1950, yana da siririn ƙarfe mai ƙananan huji a sama, wuƙaƙe kuma suna kai da komowa a ƙarƙashinsa suna yanke duk gashin da ya leƙo ta hujin. Ana tafiyar da shi a miƙe, yana son wuri shimfiɗaɗɗe kamar kumatu, kuma gajeren gashi na kwana ɗaya ko biyu yake iya ci, domin dogon gashi ko wanda ya kwanta a jikin fata ba ya shiga ragar. Mai kawuna masu juyawa, wanda Philips ya fara fitarwa a 1939, ana zagayawa da shi ne a hankali, kawunansa suna lanƙwasa su bi haɓa da muƙamuƙi da ƙoƙon kai, ya kuma fi haƙuri da gashin da ya tsiro ta ko'ina ba bisa tsari ba. Injinan da ake ƙerawa musamman don aske kai, waɗanda ake riƙewa a tafin hannu masu kawuna da yawa, daga wannan dangin suke. Da a ce fatarka lafiya lau take, da na ce maka mai raga ya fi gyara fuska, mai juyawa ya fi sauƙi a kai, musamman bayan kai inda ido ba ya gani, in rufe magana a nan.

Amma akwai na uku wanda ba ka ambata ba, wato kilifa da ƙanwarta ta gyaran gemu, masu jerin haƙora biyu da ɗaya ke gogar ɗaya kamar almakashi. Kilifa ba ta aske gashi har fata, tana barin ɗan toho, kuma wannan tohon da mutane suke rainawa shi ne maganin ciwonka.

Maganar da mai sayarwar ya faɗa maka kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ta ishe ni. Gaskiyar lamarin akasinta ce. Gashi mai murɗewa ba ya fitowa a miƙe daga raminsa, a lanƙwashe yake tsirowa tun daga tushe. Idan aka yanke shi daf da fata, bakinsa yakan yi tsini kamar allura, sai ya ci gaba da girma yana lanƙwasa har ya dawo ya soki fatar daga waje. Idan kuwa aka yanke shi ƙasa da saman fata, to ba ma ya samun hanyar fitowa, sai ya huda bangon ramin ta gefe ya nutse cikin nama. Jiki yana ɗaukar wannan gashi tamkar ƙaya ce ta shige shi, ya taso da kumburi da ja da ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Wannan shi ne ƙurjin aski da ke wuyanka. Ka ga ke nan duk injin da ya fi iya cin gashi har tushe, shi ya fi iya haddasa ƙurjin. Wasu injina masu juyawa ma an ƙera su ne da dabara ta musamman, wuƙa ɗaya ta ɗago gashin, ta biyu ta yanke shi, sannan guntun ya koma ya faɗa ƙasan fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan gwaninta ce, ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa jawo wa kai ciwo ne da kuɗin aljihunsa. Haka ma ɗabi'ar ja wa fata da yatsu a miƙar da ita yayin aski, da maimaita bi ta wuri guda sau biyar ko shida ana neman santsi, da tura injin sama ana saɓa wa kwanciyar gashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wannan kuskure yake haifar da wani. Mutum ya ga ƙuraje, a ce masa askin ne bai ci ba, sai ya sa a matso da haƙoran kilifa har bakinsu ya daidaita, ta zama kamar reza, a bi ta kan ƙurajen a sare kawunansu, jini ya fito, a ce masa ai mugun jini ne yake fita. Mako mai zuwa a sake. Ƙeya ba ta yafe irin wannan. Ƙurajen da ka ce sun fara tauri a ƙeyarka suna iya zama farkon wata larura dabam da ta wuyan, wadda ramukan gashi suke kumbura a kai a kai har su mutu, tabo mai kauri ya maye gurbinsu, ƙananan ƙullutai su haɗe su zama tudu guda wanda gashi ba zai ƙara tsirowa a kansa ba. Yawan aske wurin ƙwal da gogar wuyan riga ko hula mai matsewa suna ƙara rura ta. Da wuri ana iya tsayar da ita da magungunan shafawa da na sha, ko da allurar da likita yake yi a cikin tabon, amma idan ta yi nisa sai an kai ga tiyata.

Shi kuma man shafawar da ba shi da suna, ka ajiye shi. Ban gan shi ba, amma na ga ire-irensa da yawa, kuma galibinsu haɗe-haɗe ne da ake zuba sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin sauke kumburi, a ciki. Kwana uku na farko kumburi zai sauka, mutum ya yi ta sa wa mai maganin albarka, bayan 'yan makonni kuma fatar ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, sababbin ƙuraje su fito, idan akwai makero a wurin ya bazu ya ɓad da kamanninsa har likita ya sha wuyar gane shi. Na taɓa duba wanda aka ba shi shawarar ya ɗiga ruwan batir a ƙeya, da wanda ya shafa man birki, duka da sunan za a ƙone tushen ƙurji. Ƙurjin nan ba shi da wani tushe da za a ƙone in ban da gashin da ya maƙale, abin da suka samu kawai shi ne ƙuna a kan ciwo da tabon da ya ninka na da. Ina mamakin yadda mutum zai yi kwana da kwanaki yana bincike kafin ya sayi waya, amma ya miƙa fatar kansa ga wanda bai san ko sunan abin da yake sayarwa ba.

To, me za ka saya? Ka sayi kilifa mai kyau wadda ake iya daidaita tsawon yankanta, ka bar gashi ya kai kamar milimita 1 a wuya da ƙeya, kada ya gaza rabin milimita. Takalman roba da ake sa wa kilifa suna da lamba: lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, lamba 2 tana barin milimita 6, ita kuwa kilifar ba tare da takalmi ba, idan ba a taɓa saitin haƙoranta ba, takan bar abin da bai kai milimita ɗaya ba. Daga nesa kan zai yi kama da askakke, kuma sanƙon ba zai fito fili ba yadda kake tsoro. Kafin ka fara amfani da ita, ka daina aski gaba ɗaya na mako uku zuwa huɗu. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, kuma idan ya yi tsawo, waɗanda suka soki fata sukan fizgo kansu su fito da kansu. Kada ka tsige su da hantsaki, domin sabon da zai tsiro daga can ƙasa ya fi saurin maƙalewa.

Idan fatar ta warke, kuma aikinka ko ra'ayinka ya tilasta maka santsi a kumatu da saman kai, za ka iya ƙara na biyu, mai raga don kumatu ko mai juyawa don saman kai, bisa sharaɗin ba za ka danna shi ba, ba kuma za ka kai shi wuya da ƙeya ba. Ka fara rage gashin da kilifa idan ya wuce na kwana biyu ko uku, ka ba fatar mako biyu ko uku ta saba da sabon inji kafin ka yanke masa hukunci. Wanda ake iya wankewa da ruwa ya fi, kuma alamar IPX7 a jikin kwali tana nufin zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Raga da wuƙaƙe suna dakushewa, ana sauya su tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu gwargwadon umarnin kamfani, saboda haka ka tabbata ana samun kayan gyaran injin kafin ka biya. Ragar da ta tsage ko ta lotsa a jefar da ita nan take, domin yanka take yi.

Niyyarka ta mallakar injinka kai kaɗai ita ce mafi kyawun abin da ke cikin wasiƙarka, kuma kada ka ara wa kowa, ko ɗan'uwanka na jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum na aƙalla kwana 7, kuma fata mai ƙuraje ƙofa ce a buɗe. Wuce harshen wuta sau ɗaya a bakin kilifa ko goge ta da burushi ba ya kashe abin da ya maƙale a tsakanin haƙora. Bayan kowane aski ka kakkaɓe gashin, ka fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yi don kayan aski, ka bar shi ya daɗe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan ka ɗiga wa haƙoran man kilifa ɗigo biyu ko uku.

Su kuma ƙullutan da suka yi tauri a ƙeya, sauya inji kaɗai ba zai narkar da su ba. Ka je likitan fata ya duba su cikin wannan watan, ka tafi da kwalbar man da aka ba ka ya gani, ka kuma gaya masa tsawon lokacin da ka yi kana shafawa, domin idan sitiroyid ne mai ƙarfi kuma ka daɗe a kansa, a hankali ake janye shi.