Kun Tambaya: Kwana Bakwai Ba Ganin Tudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana da ke zaune a Ingila ya ce in na je ganin jikoki zai ɗauke ni a jirgin ruwa zuwa Amurka wajen ƙanwarsa, wai kwana bakwai a kan teku. Ni dai ruwan da na taɓa ƙetarawa shi ne daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, kwana ɗaya tal, kuma har muka iso ina amai. Yaya zan yi da salla da abinci? Kuma me mutum zai yi ta yi har mako guda?
Wata Hajiya, daga Shara Mansur, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. A Port Sudan aka haife ni, kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, sai zama ya kama shi a gaɓar Bahar Maliya. Ni kuwa a cikin irin waɗannan jirage na ƙarar da ƙuruciyata, daga ɗakin wanki har na kai ga gyaran ɗakunan fasinja.

Ki fara cire jirgin Sawakin daga ranki. Wanda ya shahara a hanyar Southampton ta Ingila zuwa New York ta Amurka shi ne Queen Mary 2, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja sama da 2,500. Unguwa ce guda ke tafiya a kan ruwa. A ƙarƙashinsa akwai wasu fukafukan ƙarfe da ake miƙawa cikin ruwa don rage tangaɗi. Amma teku ba ta da aboki. Ki gaya wa yaron ya nema miki ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kuma ku yi tafiyar da bazarar can, don tekun Atlantika da hunturu sai mai ƙarfin hanji. In zuciya ta fara tashi kada ki kwanta a ɗaki ki rufe ƙofa. Ki fito sarari ki kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ki tauna citta. Akwai asibiti da likita a ciki, sai dai kuɗinsu daban.

Salla ce ta fi ba ni wuya a shekarata ta farko, kuma agogo ne ya cuce ni. Tsakanin Ingila da New York akwai bambancin awa biyar, don haka a darare biyar ana mayar da agogon jirgi baya da awa ɗaya. Wata asuba na tashi da agogon hannuna, na yi salla, na koma aiki, ashe alfijir da sauransa. Wani dattijo mutumin Indunusiya da ke aikin kicin ne ya yi mini dariya, ya ce in bar agogo in dubi sama. Ke da kika saba da kiran sallar Harami a kunnenki, nan ba ladan. Rana da inuwa da jan-jan na magariba su ne ladaninki, kuma a tsakiyar teku ba gini ba dutse da zai kare miki su.

Alƙibla ma tafiya take yi. Daga Ingila tana kudu maso gabas, kafin ku isa New York ta koma arewa maso gabas. Tunda yamma kuka nufa, yawanci tana wajen bayan jirgi ne. Talabijin ɗin ɗakinki yana da tashar da ke nuna inda jirgi ya sa gaba, ita nake dubawa, domin kamfas na waya yakan ruɗe a cikin ƙarfe. Malamanmu sun ce mai iya tsayuwa ya tsaya, in jirgi ya juya ya juya tare da alƙibla, in jiri ya hana ya zauna. Ƙasaru kuwa ta hau kanki tun da kuka bar gari.

Ki tafi da butarki. Wannan kam ba wasa nake ba. Banɗakinsu takarda ce kawai, kuma masai ɗin zuƙa yake yi da iska kamar na jirgin sama. Ruwan famfo daga tekun ake tace shi a cire gishiri, yana shayuwa, alwala ma ba matsala.

Abinci sai kin ture, dare da rana. Akwai naman alade da giya, akwai ɗakin caca, kuma ba wanda zai tilasta miki. A sanar da kamfanin tun wajen yankan tikiti cewa halal kike so, kada a bari sai an shiga. In ba a samu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye sun ishe ki. Yaji dai ki ƙulle naki a jaka, girkinsu lami ne.

Kafin jirgi ya tashi za a nuna wa kowa inda zai je in an busa jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya, da yadda ake sa rigar ceto. An tsananta wannan ne bayan wani babban jirgin fasinja mai suna Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Ki je, ki saurara.

Batun zaman kuwa, rana ta uku ce mai nauyi. Ɗoki ya wuce, tudu bai zo ba, intanet ga tsada. Turawa suna karatu da rawa da zagaye jirgi da ƙafa. Ke ki raba izu sittin gida bakwai, ki samu kujera a gefen da ba iska, ki lulluɓa da bargo. Yaron da zai gyara miki gado watakila ya yi wata shida ko takwas bai ga uwarsa ba, ba shi da ranar hutu ko ɗaya. Ki tambaye shi sunan garinsu, in kuma kin zo da dabinon Madina ki ɗan ba shi.