Takardar tashi daga gidan haya: yaushe ake iya ƙalubalantarta?

Tambaya: Shekara-shekara nake biyan haya, kuma ba a bi na ko sisi. Kwatsam na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa, wai in tashi cikin kwana 30. Dillalin gidan ne ya sa hannu, ya kuma ce ranar da wa'adin ya cika zai canza makulli. Ina da hurumin ƙalubalantar takardar?

Amsa: Kana da shi, malam, kuma bisa bayaninka takardar tana da rauni ta fuska fiye da ɗaya.

Fara da ɗauko yarjejeniyar hayarku. Idan kun rubuta tsawon wa'adin tashi a ciki, galibi shi kotu za ta fara dubawa, muddin bai saɓa wa doka ba. Idan ba a ambata ba, sai a koma ga dokar wurin da gidan yake, kuma dokokin sun sha bamban. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, alal misali, ta ba mai biyan wata wata guda, mai biyan shekara kuwa wata 6. A Jamus wata 3 ne, ya koma 6 bayan zaman shekara 5, sannan 9 bayan shekara 8. Sai dai ka lura: idan hayar ta ƙayyadadden lokaci ce kuma lokacin ya ƙare, a wasu wuraren ba ka da haƙƙin dogon wa'adi.

Lissafin kwanaki shi ne inda masu gidaje suka fi tuntuɓe. Ana ƙirga wa'adi daga lokacin da takardar ta isa gare ka, ba daga ranar da aka buga a samanta ba. Takardar da aka rubuta ranar 1 ga wata, aka cusa ta ƙarƙashin ƙofa ranar 12, ta riga ta cinye maka kwana 11 idan maigida ya fara ƙirga daga ranar da aka rubuta ta. Don haka ka ɗauki hotonta, ka rubuta ranar da ka tsince ta, ka nuna wa maƙwabci ya zama shaida. Duba kuma sunanka da adireshin gidan, ko an rubuta su daidai.

Batun dillali: karɓar kuɗin haya daban, ikon tashin mutum daban. Ka nemi ya nuna maka rubutaccen izinin maigidan.

Canza makulli, cire ƙofa, yanke ruwa ko wuta, watso kaya waje, a yawancin ƙasashe duk haramun ne ga maigida, ko da takardarsa ba ta da aibu. Kotu ce ke ba da umarnin tashi, jami'anta ne ke zartarwa. Idan aka kulle ka waje, kada ka tanka da faɗa. Ka kai ƙara a ranar.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, kuskuren takarda lokaci kawai yake ƙara maka. Maigida zai iya gyarawa ya sake aikowa, wasu kotunan ma kan ɗauki sammacin ƙara a matsayin abin da ya gyara kuskuren. Saboda haka kada fushi ya sa ka daina biyan haya, domin bashi shi ne hujja mafi sauƙi da za ka miƙa masa da hannunka. Ka biya ta banki don a sami shaida. Idan ya ƙi karɓa, ka ajiye kuɗin gefe, ka sanar da shi a rubuce.

Ka aika masa gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ka bayyana dalilin da ya sa ba ka amince da takardar ba, ka riƙe kwafi. Kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda sai lauya ya karanta. Idan sammaci ya zo, ka halarta da yarjejeniyar da rasitanka, don alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonka in ba ka je ba.